Ba a Taka Kan Ɓauna

Da safe aka bugo ofis aka ce an tsinci gawa a ɗakin taron magoya bayan ƙungiyar ƙwallon garin, wanda ke ƙarƙashin matattakalar filin wasa. Sufeto yana shan shayi a lokacin. Ya ajiye kofin, ya ɗauki hularsa, ya ce wa Saje ya tada mota. Aikin nan ya daɗe da cinye masa mamaki. Gawa a wurinsa ta zama kamar fayil, a buɗe a rufe.

Sai dai wannan ɗakin ba baƙonsa ba ne. Yayansa shi ne mai kaɗa wa magoya baya ganga. Tun da mahaifinsu ya rasu Yaya ya riƙe shi, da aikin walda ya yi masa makaranta, kuma a kan kafaɗarsa Sufeto ya fara kallon ƙwallo.

A bakin ƙofar ɗakin, daga ciki, an zana tambarin ƙungiya a kan siminti: kan ɓauna, shuɗi da rawaya. Saje ya bi ta kai da ƙaton takalminsa. Sufeto ya kewaye, bai ma san ya yi ba.

Mamacin tela ne, ana kiransa Rediyo saboda bakinsa ba ya mutuwa. Yau kam bakin ya mutu. Yana kwance kusa da wani dogon bencin ƙarfe, ƙeyarsa a fashe. Gefensa ga ƙyalle shimfiɗe, an rubuta da farin fenti, "SAUKA LAFIYA KOCI," ga gwangwanin fentin ya kife ya malale. A bango kuma, inda talabijin take, sai wayoyi suna reto.

"Ɓarawo ne, Yallaɓai," in ji Saje. "Ya shigo ɗaukar talabijin, ya tarar da mutum. Magana ta ƙare."

Sufeto ya durƙusa. Wanda ya fita ya taka fentin, sawunsa ya dagule, ba a gane girman ƙafar. Amma ana ganin hanyar da ya bi: ya miƙe sak daga benci zuwa ƙofa, da ya zo kan tambarin sai ya lanƙwasa, ya bi ta gefe.

"Saje, mutum ya yi kisa, yana rungume da talabijin, yana gudu. Me zai sa ya tsaya kewaya zane?"

"Ko santsi ya ji tsoro?"

"A gidan nan ba a taka kan ɓauna. Duk wanda ya taka sai ya sha ranƙwashi."

"Ya aka yi ka sani?"

"Na sha."

Bai faɗi wanda ya ranƙwashe shi ba.

A waje an riga an zaunar da mai gadi a ƙasa, ankwa a hannu. Tsoho ne, idonsa ɗaya ya yi yana.

"Baba, ina kake jiya da yamma?"

"Ina bakin ƙofata, Yallaɓai. Ko motsi ban yi ba."

"To wa ka ga ya fita da talabijin?"

"Ban ga kowa ba."

"Kana bakin ƙofa, talabijin ta yi fiffike?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka. Na tsallaka wurin mai shayi. Ana ta muhawara a rediyo kan korar Koci, na ce bari in ji da kunnena. Da na dawo na ga ƙofar ɗakin a rufe, na ɗauka kowa ya watse."

Kafin Sufeto ya sake magana wani kurtu ya ƙwala kira daga bayan ginin. Ga talabijin can a lungun matattakala. An ɗora ta a kan katako don kada danshi ya taɓa ta, an lulluɓe ta da leda, har an danne ledar da dutse.

Saje ya yi dariya. "Kai! Ɓarawo mai tausayin kaya."

Sufeto bai yi dariya ba. A wannan talabijin suke kallon wasa in ƙungiya ta yi tafiya. Wanda ya cire ta ya so a ce sata ce, amma zuciyarsa ta kasa barin ya lalata ta.

Wayarsa ta yi ƙara. Shugaban ofis ne. "Na ji kun kama mai gadi. In rana ta faɗi ba ka kawo min wani ba, gobe shi za mu kai kotu. Manya sun sa ido a maganar nan."

Magoya baya sun yi cincirindo a ƙofar fili. An fito da gawa an wuce da ita ta gabansu, suka yi salati, suka sauke murya. Motar asibiti ba ta gama shan kwana ba muhawara ta dawo sabuwa fil.

"Mutumin da ya ɗauko mu daga ƙasan tebur ya ba mu kofi, shi za a sallama kamar ɗan aike?" in ji wani direban tasi.

"Kofi! Kofi!" wani mai kifi ya amsa. "Kofin nan ya yi tsatsa. Bana wa muka ci? Har a gida ana zuwa ana yi mana wanka."

"Shugabanni sun sayar masa da 'yan wasan gaba, da me zai ci? Da haƙori?"

"Ai shi Rediyo, Allah ya jiƙansa, gaskiya ya faɗa."

Sufeto ya tsaya yana jinsu kamar ruwan sama a kan kwanon wani gida. Da can shi ma jijiyar wuyansa kan tashi a irin wannan magana. Ya kira Ciyaman ɗinsu gefe, wani mai shagon magani mai tumbi.

"Yaya taron jiya ya ƙare?"

"Lami lafiya, Yallaɓai. 'Yar cacar baki dai irin ta 'yan ƙwallo. Muka fita gaba ɗaya, muka bar marigayi yana rubutunsa."

"Gaba ɗaya?"

"Ƙwarai."

"Wa ya fi zafi a kan Rediyo?"

Ciyaman ya shiga gyaran hula. Direban tasi, wanda ba a tambaya ba, ya tsoma baki. "Mai Ganga dai ya rantse Koci bai tafi ba. Ya ce ranar Asabar zai sa jesinsa ya kaɗa ganga a ƙofar shugabanni har sai an dawo da shi." Mai kifi ya taka masa ƙafa, ya yi gum.

"Ina Mai Gangan yau?"

Can Ciyaman ya ce, "Ai yayanka ne, Yallaɓai. Ka fi mu sanin inda yake."

Sufeto ya koma ɗakin shi kaɗai. A kusurwa, bayan kujeru, ga gangar a yashe a ƙasa. Tun yana yaro bai taɓa ganin gangar nan ta kwana a wani wuri ba sai a ƙusar da ke saman gadon Yaya. Ya tsaya yana jiran gabansa ya faɗi, bai faɗi ba.

Yana hanyar gidan Yaya likita ya kira. Ƙeyar ta daki gefen ƙarfe, in ji shi, faɗuwa ce ta baya. "Amma akwai wani abu, Sufeto. Wani ya danne raunin da tsumma, ya so ya tsayar da jinin. Na ciro zare a wurin, shuɗi da rawaya."

Matar Yaya tana tsakar gida tana wanke-wanke. Tana ganinsa ta washe baki.

"A'a, ƙaramin mijina! Yau wace rana? Ko amaryar taka ta kore ka ka dawo wurin tsohuwar zuma?"

"Ina kwana, Anti. Yaya fa?"

"Zauna tukuna ka ji abin al'ajabi. Dubi igiyar can."

Ya duba. Tsakanin zanen gado da kayan makarantar yara, ga tsohuwar jesin Yaya mai shuɗi da rawaya tana ɗiga. Ranar da Koci ya ɗauki kofi Yaya yana sanye da ita, kuma daga ranar ya rantse ruwa ba zai taɓa ta ba muddin Koci yana kan kujera. Shekaru ke nan. Har a ranar auren Sufeto sai da aka yi rigima kafin ya yarda ya ɗora babbar riga a kai.

"Ke kika wanke?"

"Ni? In taɓa ta in bar gidan nan? Sau ɗaya na gwada, sai da muka yi mako ba ya cin abincina. Shi da kansa, da sassafe, ya ƙarar min da sabulu. Ya cuɗa, ya zubar, ya sake cuɗawa. Na ce masa barka da rabuwa da wari, ko kallona bai yi ba."

"Jiya da me ya dawo?"

"Da singileti, jesin a dunƙule a hammata. Ko gangar bai..." Ta tsaya. Ta dubi fuskarsa da kyau, soson ya zame daga hannunta ya faɗa cikin ruwa. "Auta, me ya faru?"

"Ina ya tafi?"

"Ya ce zai je ya ɗauko gangarsa."

Sufeto ya sauke jesin daga igiya ya naɗe a leda. Yana jin tana kiransa har ya fita, bai waiwaya ba.

Ya sami Yaya a ɗakin taron, zaune a kan bencin ƙarfen, ganga a cinya. Kurtun da ke gadi ya bar shi ya shiga saboda ya san ɗan'uwan wane ne. Saje ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya."

"Auta. Ka ci abinci?"

"Me ya sa ka wanke jesin?"

"Koci ya tafi. Rantsuwa ta sauka."

"Jiya ka gaya wa mutane bai tafi ba. Ka ce da ita za ka fita ranar Asabar."

Sufeto ya ajiye ledar a gefen Yaya.

"Tsohon nan mai gadi yana can da ankwa. Gobe za a kai shi kotu."

Yaya ya shafa gefen bencin da tafin hannu. "Ni na haɗa bencin nan. Na so in goge kaifin bakinsa, na ce gobe, na ce jibi." Ya numfasa. "Kowa ya fita, na dawo ɗaukar ganga. Na ce masa, Rediyo, bari rubutun nan, mutumin ya yi mana rana. Ya ce ranar ta faɗi. Ya ce in kai jesina a binne tare da Koci, wai wari ɗaya suke yi. Ka san bakinsa. Ya ɗaga burushi zai shafa min fenti a ƙirji, na ture shi. Turewa ɗaya, Auta. Ni da shi fa tare muka fara shiga filin nan ta kan katanga."

"Sai ka danne masa ƙeya."

"Na cire ta na danna, na danna. Yana kallona, bai ce komai ba. Rediyo fa, bai ce komai ba." Muryarsa ba ta rawa, kamar yana ba da labarin wani. "Da na ga ya tafi sai na tuna da kai. Na ce za a ce yayan Sufeto ya yi kisa. Shi ne na cire talabijin."

Daga waje hayaniya ta tashi. Direban tasi ya ƙure rediyon motarsa, muryar Koci ta cika harabar, a natse, har da 'yar dariya. Ya ce a daina zagin shugabanni, ba korarsa aka yi ba. Shi ya nemi a sallame shi, don tun tsakiyar kakar wasa ya gama magana da wata babbar ƙungiya. Ya gode wa magoya baya, ya ce suna ransa.

Yaya ya saurara har aka sa talla. Sannan ya ajiye gangar a kan bencin a hankali, ya miƙo hannuwansa biyu.

Sufeto ya dubi hannuwan, duk tabon walda. Ya ciro ankwa daga ƙugu, ya riƙe, ya miƙa wa Saje.

"A saki tsohon nan," ya ce.

Saje ya tasa Yaya gaba. Da suka zo bakin ƙofa, Yaya ya karkata, hannu a ɗaure, ya bi ta gefen tambarin kamar kullum.

Sufeto ya biyo baya. Ya tsaya ya dubi kan ɓaunar, shuɗin ya koɗe, ƙaho ɗaya ya fara ɓarewa. Ya ɗora takalminsa a tsakiyar goshinta, ya tsaya a kai, yana jiran ya ji wani abu. Siminti ne kawai. Ya fita ya ja ƙofar.