Bututun da Ba a Zura wa Waya Ba

Ranar da ƙaninsa ya buga littafin tallar kamfaninsa, Mai Wayarin, mai aikin saka wayar lantarki a gidaje, ya kasa cin abinci. Ga hoton injina uku suna fitar da bututun roba, irin wanda ake binnewa a bango a zura wayar lantarki. Ga ƙanin tsaye yana murmushi, wanda shi ya koya wa riƙon filaya.

"Ka taya shi murna mana, Baban yara," in ji matarsa.

"Murna? Ni na yi noma, shi ya cika rumbu."

Da hantsi ya isa wurin boka. Ɗakin ƙarnin jini yake yi, tukwane bakwai a kife, ƙahon rago naɗe da jan ƙyalle.

"So nake injinsa ya yi shiru, nawa ya yi kuka."

"Za ka samu," in ji boka. "Amma duk sabon zubi, bututun farko na gidanka ne. Ka binne a bango, baki ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a waje. Ɗaki ba ya ɗaukar biyu. Kada ka zura waya."

"To me zai bi ta ciki?"

"Kai dai ka ba da hanya."

Shekara ashirin yana wannan aiki, ya san bututun da aka bari a buɗe ba ya rasa baƙo. Duk da haka ya amince.

Kafin shekara ta zagayo ya kafa kamfani, manyan motoci na layi a ƙofarsa, ƙanin kuwa ya rufe nasa. Bututun farko ɗakin mahaifiyarsa ya shiga. Bayan kwana uku aka yi mata sutura. Na biyu ɗakin babban ɗansa. Yaron ya koma manna kunne a bango yana amsa kiran da shi kaɗai ke ji, har ya daina gane uwarsa.

Wata safiya matar ta gan shi da guduma ya nufi ɗakin da jaririyarsu ke barci.

"Baban yara, ajiye gudumar nan."

"Zubi ɗaya kawai. An ce ƙanina zai sake buɗewa."

Ta goya 'yarta, ta ja hannun ɗanta, ta fice ko takalmi babu.

Sai ya binne a nasa ɗakin. Yau injinansa sun yi tsatsa, shi kuma yana yawo a kango da tsumma, yana toshe duk ramin da ya gani.

Ku iyaye mata, in maigida ya fara rama saboda arzikin ɗan'uwansa, ku riƙe 'ya'yanku kusa. Hassada tana farawa da gidan wani, amma a ɗakin 'ya'yanku take ƙarewa.