Wandon Don Nicanor

Don Nicanor Huamán yana cewa shekararsa talatin yana hawa duwatsun bakin tafkin Yanacocha, gabansa bai taɓa faɗuwa ba. Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a ƙofar coci, har alfadarinsa ya haddace.

Shi ya sa Doña Felícitas, mai masaukin baƙi, ta aike shi ya nemo dutse mai sauƙi wanda sababbin masu hawan dutse za su koya a kai. Ya tafi da la'asar sakaliya, igiya a kafaɗa, ganyen koka na taunawa a kumatu.

A mashigar tafkin akwai tulin duwatsu. Kowa ya zo wucewa sai ya ƙara ɗaya, don aljanin da ke da tafkin ya san baƙo ya yi sallama. Nicanor bai ƙara ba. Ɗauka ma ya yi, ya jefa a aljihun wando, wai zai yi alama da shi.

Ya samu dutsen, mai matakai kamar tsani. Ya hau, ya zura igiya a tsohon zoben ƙarfe da ke can sama, ya ɗaura baki ɗaya a ɗamarar ƙugunsa, ya saki ɗayan ƙasa.

Rana ta faɗa bayan tsaunuka masu ƙanƙara. Iska ta tsaya.

Igiyar ta yi tauri.

Wani ya riƙe ta daga ƙasa. Riƙo irin na gwani, ba fizga, ba saki. Warin jiƙaƙƙen ulu da taɓo ya taso.

"Sauko, compadre, aminina," aka raɗa. "Na riƙe ka."

Bai yi ihu ba. Bai ma ji tsoro ba, a gaskiya. Bai ji komai ba. Yatsunsa suka mutu. Ƙafafunsa suka bar dutse, aka fara sauke shi a hankali, kamar guga.

Ya duba ƙasa. Babu tsakuwar da ya taka ɗazu. Ruwa ne, baƙi, ya zo har gindin dutsen, igiyar ta nutse a ciki.

Saura taku goma ya kai ruwan.

Taku biyar.

Dutsen aljihunsa yana ƙara nauyi.

Yadda ya tsira, daga bakinsa aka ji. Washegari ya zauna a kicin ɗin Felícitas, kofin shayi a hannu, bai san yana ƙona shi ba, domin tun daga ranar yatsun nan ba su sake jin zafi ko sanyi ba. Ya ce wuƙa ya zaro, ya datse igiyar da sara ɗaya, ya kama dutse, ya kalli abin ido cikin ido, ya zage shi tas, sannan ya tako gida a natse.

Felícitas ta saurara har ƙarshe. Ta jawo kwando daga ƙarƙashin tebur.

"Da asuba na tsinci wannan a bakin ƙofa, compadre."

Igiyarsa ce, an naɗe ta tsaf, tana ɗigar ruwa. Babu yanka ko ɗaya. Ƙullin yana nan a jikin ɗamara, a cikin ɗamarar kuma wandonsa, aljihun a juye, ba dutse.

"Wuƙarka ma tana nan a bel ɗin wandon," ta ce. "To a natsen nan, da me ka tako gida?"

Nicanor ya kalli shayinsa.

Babu wanda ya tambayi wa ya kawo kwandon kayan har ƙofa.