Munduwar Inna

"Idan Inna ba ta so na, ka faɗa mini mana, Sammani... ba ka zo kana kallon kwalabe ba."

Haka Bintu ta tare ni ranar, a rumfar babanta cikin kasuwar Sabon Gari, a shekarar 1955. Da gaskiyarta. Ina riƙe da gutsuren kwalba shuɗiya, na kara a ido, masu keke da 'yan dako duk sun koma kamar suna tafiya a ƙarƙashin ruwa. Babanta Banufe ne. 'Yan uwansa na Bida ke narka irin waɗannan kwalabe su yi ƙarau da duwatsun wuya, shi kuma ya sayar a Kano.

Na sauke gutsuren na ce ta yi haƙuri, hasken idona. Ta ce hasken ido ma yana gajiya, kuma wani ɗan kawunta direban jirgin ƙasa ya aiko, babanta ya fara saurare.

Mu maƙeran fari ne a Fagge, azurfa muke ƙerawa tun kakanni. A gidanmu ɗan fari ba ya aure sai uwarsa ta cire munduwar aurenta ta ba shi, ya narka da hannunsa ya ƙera wa amarya sabuwa. Azurfa ɗaya ce ke zagayawa tun kakar kakata. Uwa ta miƙa, ta yarda ke nan. Ta riƙe, babu mai zuwa neman aure.

Inna kuwa ta riƙe. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle mu zauna zance. Duk sanda na kawo maganar sai ta ja mayafi ta rufe hannu, ta ce, "Kai, yaron nan, tafi ka yi aikinka." Na kai kuka wurin Baba, ya ci gaba da zuga wuta, ya ce shi ba ya shiga sha'anin hannun mata.

Na rame. Cokulan da nake ƙerawa suka riƙa fitowa a karkace.

Wata Laraba da hantsi ina maƙera a zaure, sai ga Bintu da faifan ƙarau a ka, kamar kowace mai talla. Ko kallona ba ta yi ba, ta yi sallama ta shige cikin gida. Na ajiye guduma na laɓe a bakin ƙofa.

Ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta baje kayanta. Inna ta gane ta sarai, amma ta miƙa hannun hagu a gwada mata. Suna cikin haka mayafin ya zame daga na dama. Bintu ta daɗe tana kallon munduwar. Azurfar ta nutse cikin nama, kamar igiyar da aka manta a jikin bishiya.

"Inna... ba ta fita ne?"

Inna ta sunkuyar da kai. Can ta ce tana siririya kamar kara aka sa mata ita. Ta gwada sabulu, ta gwada kuɓewa, har fata ta saɓule. In ta faɗa, maƙeran nan za su ce a yanka, alhali a gidan nan ba a yanke munduwar aure sai ranar da miji ya rasu.

"Malam kuwa yana tari tun damina," in ji ta. "Ni ba ƙin ki nake ba, 'yar nan."

Na zauna a ƙasa.

Bintu ta ce ita kullum ƙarau take sa wa manyan mata, gilashi ne kuma, ba ya jure dole, amma ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba. Ta nemi ruwan randa mai sanyi, ta tsoma hannun ya daɗe. Ta ɗaga shi sama. Ta naɗe shi da zare tam tun daga yatsu, ta cusa bakin zaren ƙarƙashin munduwar, ta shafa man kaɗe. Ta lanƙwasa babban yatsa cikin tafi, sannan ta fara warware zaren a hankali.

"Za ki karya ni!"

"Saura kaɗan, Inna, ki yi ta salati."

Sai na ji ƙarar munduwar a kan daɓe. Ta gangaro har gabana ta kwanta.

Inda ta tashi fatar fara ce sol, irin ta jariri. Inna ta yi ta shafawa tana dariya da hawaye. Bintu ta zura mata ƙarau shuɗi a wurin, ta ce wannan ba na sayarwa ba ne.

"Kai, yaron nan," in ji Inna, ba ta ko juyo ba, "na san kana nan. Ɗauki, kafin in sake shawara."

Baba ne ya zuga mini wutar da kansa, yana tari yana murmushi. Ya rayu har ya ga jikokinsa sun riƙe guduma.

Da na zo gwada wa Bintu awo, ta ce in ƙara faɗi, ta ga irin tuwon gidanmu. Na ƙara. Duk da haka, kowace Juma'a sai ta cire ta, ta juya ta a hannu, ta mayar.