Maganin Ciwon Kai a Durowar Auta

"Ɗaga murya mana! Me ka ce in ba ka?"

Tun daga bakin titi Malama ta jiyo muryar saurayinta. Dakta ake ce masa, ko da yake ko ƙofar ajin likitanci bai taɓa leƙawa ba. Farar riga ce kawai da kantin magani, shi kaɗai tilo a duk unguwar.

A gaban kanta wani matashi ne tsaye, kansa a ƙasa, yana murza yatsu.

"Maganin... maganin ciwon kai."

"Au! Yanzu kuma ciwon kai ya koma? Ba kwaroron roba ka ce ba? Ɗan wane gida ne kai?"

'Yan benci suka kwashe da dariya. Ƙarti uku ne da ba su da aikin fari balle na baƙi, kullum suna ƙofar kantin suna jiran wanda za a tozarta. Matashin ya karɓi katin ƙwayar ya fice kamar zai kifa.

Da, har da ita ake wannan dariyar. Wannan halin ne ma ya sa Dakta ya fara burge ta, tana cewa ta samu namiji mai kishin tarbiyya. Yau tunawa da hakan ya sa ta ji ta tsani kanta.

"Zuciyata! Shigo, shigo..." ya faɗa yana washe baki. "Saura kwana goma sha biyu fa ki zama tawa. Wa ya taɓa min ke?"

Ta zazzage ledar da ke hannunta a kan kanta. Katin maganin ciwon kai ne har goma sha ɗaya, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalla ba.

"Na meye wannan?"

"Naka ne. A durowar Auta na same su."

Auta ƙaninta ne, shekararsa sha takwas, a bayanta ya girma tun rasuwar mahaifinsu. Jiya da safe ta raka shi asibiti saboda zazzaɓin da ya ƙi tafiya. Likita ta zaunar da su, ta faɗa musu a hankali cewa yana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ta ce in ya riƙe magani zai rayu kamar kowa.

Da suka dawo gida Malama ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Sai da ta buɗe durowarsa za ta ɓoye takardar asibitin don kada Umma ta gani, ta ci karo da ƙwayoyin.

"Ciwon kai kake yi haka ban sani ba?"

"Yaya, ba shi nake zuwa saya ba, kwaroron roba ne..." ya ce yana kuka. "Na san na yi laifi. Amma wallahi na so in kare kaina. Abokaina suka ce sai matsoraci ke amfani da shi. Budurwata kuma ta ce in na kawo shi, to ban yarda da ita ba. Duk da haka sau goma sha ɗaya ina shiga kantin. Da Dakta ya ɗago ya kalle ni, ga 'yan benci, sai in tuna ke zai aura... kafin in iso gida labari ya riga ni."

Wannan maganar ce ta kawo ta yau. Ta zagaya bayan kanta, inda 'yan benci ba za su ji ba, ta faɗa wa Dakta komai. A ranta tana fata ya girgiza, ya ce kaico, ko da sau ɗaya.

Ja da baya ya yi. Ya leƙa ƙofa, ya dawo yana raɗa.

"Wa da wa suka sani?"

"Abin da za ka fara tambaya ke nan?"

"Masoyiyata, ki fahimce ni. Ni mutum ne mai mutunci a unguwar nan. A tura shi wajen kawunku har a gama biki. Bayan nan ma... ba sai yana zuwa gidanmu ba. Kin san harkar kwano da kofi."

Ta tsaya tana kallonsa. Shekara tara yana sayar da magani, ya fi kowa sanin ba a ɗaukar cutar a kwano. Ba jikinsa yake ji wa tsoro ba, bakin ƙartin nan uku yake tsoro.

"Sau goma sha ɗaya yaron nan ya tsaya a gabanka," ta ce. "Ko sau ɗaya ba ka ja shi gefe ba? In hana shi za ka yi, ka hana shi a matsayin yayansa mana! Ka ce masa ƙanina, zauna mu yi magana."

"Ni tarbiyya nake gyarawa!"

"Wa ka taɓa gyarawa? Suna fita daga nan suna fasawa ne? Nishaɗi kawai kake sama wa bencinka."

"Don Allah ki yi a hankali, za su ji..."

"Ɗaga murya mana, Dakta! Me ka ce?"

Ashe gwanin na iya raɗa in abin ya zo kansa.

Tana son sa, ba ta yi wa kanta ƙarya ba. Shekara uku ba kwana uku ba ce, kuma shi ne ya tsaya mata lokacin jinyar Umma. Ta zare zoben da ya sa mata, ta ɗora a kan tulin ƙwayoyin.

"Zuciyata, kar ki yi min haka! Me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu ciwon kai ne ya kama ni. Ai kana da maganinsa."

Ta ratsa 'yan benci ba tare da ta kalle su ba. Sai da ta sha kwana hawayen suka ɓalle, ta bar su suna zuba har gida.

A ɗaki ta tarar da Auta a takure, ya ware wa kansa kwano da cokali a can gefe, abincin ya huce bai taɓa ba. Ya kalli yatsanta, ya ga babu zobe.

"Yaya... saboda ni?"

Ta share fuska, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta jawo kwanon tsakaninsu.

"Matso," ta ce. "Yunwa nake ji, kuma cokali ɗaya ya ishe mu."