Layin da Aka Goge

Da hantsi aka kawo ƙarar ofishin 'yan sanda. Wata mata ta buɗe wayarta don duba sakamakon gwajinta na asibiti, sai ta ga na wani bawan Allah, har da sunansa da cutarsa. Kafin azahar mutum arba'in sun zo da irin wannan kuka. Sufeto ya ɗauki hularsa ya nufi kamfanin da matsalar ta fito.

Manaja ya tare shi yana sharce gumi.

"Ni ba ɗan kwamfuta ba ne," in ji Sufeto. "Yi mini dalla-dalla."

"Ranka ya daɗe, wani guntun manhaja muke rubutawa, wasu su ɗauka su saka a tasu. Yana aiki a ƙananan na'urori da ke warwatse kusa da jama'a, kowace tana hidimar mutane barkatai. Kowane saƙo da akwatinsa a ƙwaƙwalwar na'urar. Akwai layi guda da ke hana a ɗebo fiye da abin da ke cikin akwati. Shi aka goge, hannu ya zarce zuwa akwatin maƙwabci."

"Wa ya goge?"

"Daga kwamfutar Auta aka yi. Talata, ɗaya da kwata."

Auta ita ce ƙaramar injiniyar da aka ba shugabancin sashen wata biyu da suka wuce. In abin ya tabbata a kanta, ga kora ga kurkuku. Sufeto ya same ta idanu jawur.

"Ɗaya da kwata ina wajen cin abinci, yallaɓai. Ban kulle kwamfutar ba, wannan kam laifina ne."

"Da kika dawo ba ki ga wani canji ba?"

"Rubutun allon ya koma ɓaro-ɓaro, kamar na allon talla. Na zaci hannuna ne ya taɓa, na mayar da shi."

Sufeto ya wuce teburin lungu, wajen dattijon da kowa ke kira Baba Injiniya, mai shekara ashirin a kamfanin.

"Auta ai kamar 'yata ce, ni na koya mata aikin," in ji Baba. "Amma na gaya musu kujerar nan ta yi mata yawa. Yaran yanzu sai rawar kai."

"Ka taɓa zama a teburinta?"

"Ni? Me zai kai ni? Ko kujerarta ban taɓa ja ba."

"To taimaka mini, Baba. Zo ka nuna mini inda layin yake."

Dattijon ya zauna gaban kwamfutar Auta. Ya ƙanƙance ido, ya kai fuska kusa da allon. Kafin ya ankara yatsunsa sun danna abin da suka saba, rubutu ya kumbura ya cika allo.

Sufeto ya juya wajen Auta.

"Haka kika tarar da shi ranar Talata?"

"Haka," in ji Auta. "Baba...?"

Baba ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta. Can ya ce, "Ni na rubuta layin nan tun tana makaranta. Ni na nuna mata inda ake kunna na'urar nan! Yau a ce in kai mata aikina ta duba, ta ce Baba gyara nan? So na yi su ga ba ta iya ba. Kwana ɗaya kawai, in zo in gyara a gabansu."

"Asirin marasa lafiya arba'in ka tona don a tafa maka," in ji Sufeto. "Tashi mu je."

A bakin ƙofa, ankwa a hannu, dattijon ya waiwayo.

"Ke Auta, layi na ɗari biyu da shida ne. Kawo takarda in rubuta miki yadda yake."

"Na mayar da shi tun da safe, Baba."

Dattijon ya juya. Sufeto ya tasa ƙeyarsa zuwa mota, ita kuwa ta ja kujerarta ta zauna, ta rage girman rubutun.