Takalmin Ƙafar Dama

Da hantsi Alhaji Tijjani ya shigo komisariyar 'yan sanda ta Magariya da kwalin takalmi a hammata. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ɗora kwalin a kan teburin Sufeto Bunu ya buɗe. Ƙafa ɗaya ce a ciki, ta hagu, kwance cikin farar takarda.

"An ɗauke 'yar uwarta jiya da rana tsaka, ranka ya daɗe."

Sufeto Bunu ya san takalmin. Rufaffe ne mai igiya, na fata mai launin busasshen dabino, ɗinkin hannu, ƙasansa ma fata ce. Tun da aka yi masa canjin wurin aiki ya baro iyalinsa a Gure, ta gaban butik ɗin Alhaji, shagonsa na takalma, yake bi kullum, kuma kullum sai ya rage tafiya ya leƙa akwatin gilashin. Ya taɓa shiga ya gwada shi, yana tunanin ranar da zai sauka daga mota a gida matarsa ta gan shi cikin abin da ba takalmin aiki ba. Ya ce zai dawo, bai koma ba.

Ya ɗauki hularsa suka tafi tare.

Ba a ɓalle komai a butik ɗin ba. Alhaji ya nuna masa inda ƙafar dama take zama cikin gilashi don masu wucewa su gani, da kantar da ke ƙasa inda kwalin ta hagu yake. Mai miƙa hannu ya ɗauki ɗaya zai iya ɗaukar ɗayar ba tare da ya motsa daga inda yake ba.

"Wa ya nemi takalmin nan a kwanakin nan?"

"Mutum ɗaya ne, Dikko, mai shanu daga wajen Dungas."

Alhaji ya ce Dikko ya ɓata yini guda yana zaɓe. Ya gwada baƙi ya ce ya yi kama da na ma'aikatan banki, ya gwada mai tsinin baki ya matse masa yatsu. Da ya sa wannan sai ya danna babban yatsansa a gaba ya ji sarari, ya yi ta kai da kawowa a kan kwali don kada ƙasan ya karce. Ya ce a ajiye masa har ya sayar da bijiminsa.

Lokacin azahar, in ji Alhaji, ƙanwarsa Yakura ce ke tsaron wurin. Dattijuwa ce mai sayar da turaren wuta a kan tebur daga gefen ƙofa. Ta ce ba ta ga kowa ya taɓa gilashin ba, tana maganar tana jera kwalaben da suke a jere.

Da zai fita, Sufeto ya tsaya a ƙarƙashin rumfa. A jikin bango, inda ba a cika takawa ba, akwai wasu ƙananan ramuka a cikin rairayi kamar an danna bakin kwalba, biyu-biyu, da sawun silifa ɗaya a tsakaninsu. Ya duƙa ya duba.

A kasuwar dabbobi ya sami Dikko, dogon mutum da malafa, riƙe da igiyar wani jan bijimi. Tun kafin Sufeto ya tambaye shi, Dikko ya rantse rabonsa da butik ɗin tun makon jiya.

"To ya aka yi ka san abin da na zo tambaya tun ban faɗa ba?"

Dikko ya sunkuyar da kai. Ya yarda ya je jiya kafin azahar. Mahaifinsa ne ya ce ba da yawunsa za a mayar da bijimi takalmi ba, shi kuma ya je ya gaya wa Alhaji ya fasa, kunya ta hana shi shiga. Daga bakin ƙofa ya ɗan kalli takalmin ya juya.

"Wa ka tarar a ciki?"

"Wani dattijo mai sandunan ƙarfe. Alhaji yana dariya, mutane suna taya shi. Shi dattijon bai yi dariya ba."

Sufeto ya koma butik. Da ya ambaci sandunan ƙarfe, Alhaji Tijjani ya gyara zaman hularsa ya ce ya manta ne, don bai ɗauki mutumin a matsayin mai ciniki ba. Dattijon ya zo ne yana so a sayar masa da ƙafar dama kaɗai a kan rabin kuɗi. Wa zai raba takalmi irin wannan?

"Me ka ce masa da ya sa mutane dariya?"

Yakura ce ta amsa daga wajen teburinta.

"Cewa ya yi ya je ya nemo wanda ba shi da ƙafar dama su haɗa kuɗi. Haka ka ce, Yaya."

Ta ajiye kwalbar da ke hannunta. Ta ce dattijon ya dawo bayan an tafi masallaci, ya roƙe ta ya sake gwadawa sau ɗaya. Ita da kanta ta buɗe masa gilashin. Ya zauna ya sa, ya ɗaure igiyar a hankali, ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Da ta ga ya cire ya tura cikin babbar rigarsa, sai ta juya fuskarta wajen titi.

"Kin san shi, Inna?"

"Mushe Alkasim ne, tsohon malamin makaranta na Waca. Shi ya koya wa 'ya'yana karatu a lakkwal. A zamaninsa in ya taho, ƙarar dunduniyarsa ake fara ji."

Bayan la'asar Sufeto ya isa Waca, ya ɗauki jandarma ɗaya suka nufi gidan. Gida ne mai tsabta amma ba motsin mace a cikinsa, murhu ya yi sanyi, igiyar shanya babu komai a kai. A inuwar dogon yaro suka tarar da Mushe Alkasim a kan kujera, sanye da farar riga mai guga, an naɗe ƙafar wandonsa ta hagu an maƙale da fil. Sandunansa na jingine a bayansa. Takalmin yana ƙafarsa ta dama, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi don kada ya taɓa ƙasa.

Suka gaisa yadda ya kamata. Dattijon bai yi ƙoƙarin ɓoye ƙafar ba.

"Mushe, na Alhaji Tijjani ne wannan?"

"Nasa ne. Ni na ɗauka. Yakura ba ta da laifi, kada ka rubuta sunanta."

Sufeto ya zauna a bakin tabarmar ya bar shi ya yi magana. Ciwon suga ne ya ci ƙafar, aka yanke ta a asibiti, babbar likitar Damagaram. Da ya dawo gida sai ya zama wani mutum daban. Matarsa Salima ta yi ta jinyarsa, shi kuma ya yi ta yi mata tsawa a kan ruwan wanka, a kan gishirin miya, a kan yadda take kallonsa. Ranar da ya ce mata tausayinta ya fi masa ciwon zafi, ta tattara kayanta ta tafi wajen ɗansu a Damagaram. Bai sake ta ba, ita ma ba ta nema ba. Damina ta wuce, wata daminar ta zo.

"Na yi niyyar in je biko," in ji shi. "Da na fara ganinta ina sabon mushe ne, takalmina ta fara kallo, ta ce wa ƙawarta wannan ya san inda za shi. Ban so in tsaya a ƙofar ɗana da silifa ɗaya ba."

Ya ce ya zaga duk shagunan Magariya. Na gwanjo sun buɗe baki, na roba suna ƙona tafin ƙafa, mai ciwo irin nasa kuwa dole ya sa fata mai laushi wadda ba ta da ɗinki mai kaifi a ciki. Wannan ne kaɗai ya karɓi ƙafarsa kamar an auna.

"Me ya hana ka tafiya tun safe? Motar Damagaram ta wuce."

"Na shirya har na kai ƙofa. Sai na tuna za ta tambaye ni inda na saya. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ko lokacin da nake ɓata mata rai."

Ya sunkuya ya kwance igiyar, ya cire takalmin, ya goge bakinsa da hannun rigarsa, ya miƙa wa Sufeto da hannu biyu. Sufeto ya juya shi ya duba ƙasansa, ko karce babu. Ya gaya masa gaskiya: an riga an shigar da ƙara, dole su tafi Magariya, abin da zai biyo baya yana hannun Alhaji da alƙali. Jandarman ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ya girgiza masa kai, ya ɗauko sandunan da kansa ya ba dattijon.

Maƙwabta sun fito ƙofar gidajensu. Mushe Alkasim ya bi ta tsakaninsu a hankali, yana gaida kowa da sunansa, har ya kai mota. Da suka hau hanya Sufeto ya zaro salularsa ya ce doka ta ba shi damar sanar da wani nasa.

Dattijon ya faɗi lambar ɗansa da ka, amma bai karɓi wayar ba.

"Kai ka kira, ɗana. Ka ce a ba Salima. Ka gaya mata duk abin da na yi, kada ka rage komai. In ta tambayi dalili, ka ce wajenta zan zo."

Wayar ta yi ta ringi. Da aka ɗauka, muryar mace ce ta yi sallama. Mushe Alkasim ya rufe idanunsa, ya matso da kunnensa kusa da kafaɗar Sufeto.