Ƙullin Ledar da Durwa Ta Haɗiya

Tun ladan bai yi gyaran murya ba Jatau ya rataya bindigarsa adaka, ya soke barandami a ɗamara, ya fito ƙofar gida. Barmo, tsohon maharbin da ya koya masa dawa tun gemunsa bai tsiro ba, yana tsugune da kwari da baka yana jiransa. Durwa kuwa, karyar Jatau, sai tsalle take tana kaɗa wutsiya.

Barmo ya ƙura mata ido ya ce, "Ikon Allah! Ba ita ce makon jiya take jan ƙafa ba?"

"Ta warke, Baba," in ji Jatau, ya kau da kai.

Ina fa ta warke! Ramin gyado ta faɗa ta gurɗe ƙafar gaba. Shi kuwa Jatau bai yarda akwai ciwon da ya fi ƙarfin ƙullin leda ba. Kullum safiya sai ya afa haɗin nan na mai tebur a bakin tasha, ja da fari da rawaya, dikulofenak da ibufurofen da farasitamol duk a cakuɗe, ya kora da ruwan randa ba ko loma a cikinsa. Da ya ga gwanki ya fara saukowa fadama, ga karya tana ɗingishi, sai ya ce abin da ya yi wa mai gida ai ya yi wa kare. Safe da yamma yake cusa mata a cikin dunƙulen tuwo. Durwa ce hancinsa a daji, kuma ita ce cefanen gidansa. In babu ita, babu nama.

Suka ratsa gonakin dawa raɓa tana jiƙa musu ƙwauri, suka bi ta cikin sabara da kalgo, suka tsallake rafi. Gari na wayewa suka shiga duhuwar maɗaci da kanya, burtu yana gunji can nesa, fakara na tashi fur daga gindin ciyawa. A bakin wani tabki suka ga sawun gwanki, kofato mai faɗi ya nutse a laka, kashinsa ko hucewa bai yi ba.

Amma idon Barmo ba a kan sawun yake ba. Ya lura duk kududdufin da suka wuce sai Durwa ta kafa kai ta sha, ta sake sha. Can ta tsaya ta gantsare, ta kelaya wani amai mai kumfa da gudajin jini a ciki. Ba su yi nisa ba ta tsuguna a gindin taura.

Wa'iyazubillahi! Abin da ya fito baƙi ne wuluk, mai yauƙi kamar narkakkiyar kwalta. Warinsa ya fi na mushe, ƙarni ne da ɗoyi a haɗe, irin wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Kafin ka ce kwabo koren ƙuda ya rufe wurin. Jatau da ya sha farke tumbin dabba da hannunsa, sai ga shi ya toshe hanci yana kakarin amai.

Barmo ya kama karyar ya ɗaga leɓenta. Dasashinta fari fat.

"Me ka ba ta?"

Jatau ya faɗa masa.

"Tir da kai!" Barmo ya tofar da yawu. "Girman kawai ka yi, Jatau. Ka manta shekarar da aka kwashe ni ranga-ranga ina aman jini saboda irin wannan ƙwayar? Likita ya ce da ni ƙwayar nan ba ta ɗora ƙashi, ba ta haɗa jijiya. Abin da ke kai wa mutum saƙon zafi take kashewa. To shi wannan abin, shi ne kuma ke sa tumbi ya yi wa kansa shafe don kada ya ci kansa, shi ke buɗe wa ƙoda hanyar jini. Farasitamol ɗin ma da ba ya cin tumbi, in ya yi yawa hanta yake ci. Wannan ga mutum ke nan. Kare kuwa jikinsa ba ya iya fitar da ita da wuri, taruwa take. Wannan baƙin da kake toshe wa hanci, jininta ne."

Jatau ya dubi Durwa. Ya ji ƙyamar kansa ta fi ta abin da ke ƙasa. Ya ce, "Mu koma, Baba. A kai ta wurin malamin dabbobi."

Bai rufe baki ba iska ta juya. Durwa ta ɗaga hanci, kunnuwa suka miƙe, ta fizge daga hannun Barmo ta faɗa cikin gamba.

"Durwa! Zo nan! Durwa!"

Ina! Karyar da ta ji ƙanshin nama, kuma babu zafin da zai ce mata tsaya. Suka bi haushinta da gudu, ƙaya na yagar su, har gindin wani tsauni. Ga gwankin nan, ƙaton namiji, ya jingina baya da dutse ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ƙahonin nan masu lanƙwasa suna sharar iska. Durwa ta yi tsalle za ta kauce kamar yadda ta saba, ta dira a kan gurɗaɗɗiyar ƙafar. Ƙas! Har inda Jatau yake ya ji ƙarar. Ta kife a gaban ƙaho.

Jatau ya dirka a guje ya saki wuta. Adaka ta ce daram, hayaƙin albarushi ya turnuƙe. Daga cikin hayaƙin gwankin ya fito a kansa, ƙaho ya tsarge masa riga daga haƙarƙari har kafaɗa, ya watsar da shi gefe. Kibiyar Barmo ce ta soki gwankin a bayan hammata. Ya yi taga-taga ya faɗi, tsohon ya yi bisimilla ya yanka.

Nama ne da zai ciyar da gida biyu har a yi kilishi. Jatau ko kallonsa bai yi ba. Ya ciccibi Durwa ya saɓa ta a wuya, ya riƙe ƙafafunta a ƙirjinsa.

"Naman fa?" in ji Barmo. "Ni kaɗai ba zan iya ba."

"Ungulu ta ci."

Barmo ya yanki cinya ɗaya ya biyo shi. Rana ta take, Jatau na tafe yana yi mata magana, yana kiranta 'yar gidana, yana cewa ta yi haƙuri an kusa. Sun haura rafi ke nan ya ji wani abu mai ɗumi yana gangaro masa daga ƙeya zuwa gadon baya. Warin nan ya sake tashi, ƙudaje suka yi masa rakiya.

Barmo da ke bayansa ya matso kusa da shi. Sannan ya ce, "Sauke ta, ɗana. Tun a cikin ruwa ta cika. Zo ka wanke jikinka."

Jatau bai sauke ta ba, bai kuma wanke ba. Haka ya ratsa tsakiyar gari da ita a wuya, mutane na darewa suna toshe hanci.